Kwana Uku a Budapest: Jagorar Ɗalibi da Abokinsa Kan Yawon Gari da Cin Abinci

Daga cikin manyan biranen Turai da ɗalibi zai iya ziyarta ba tare da ya karya asusunsa ba, Budapest, babban birnin ƙasar Hungari, yana sahun gaba. Dalili kuwa shi ne mafi yawan abin da ake zuwa kallo a garin a fili yake: kogin Danub da gadojinsa, da tsaunukan ɓangaren Buda, da manyan gine-ginen ɓangaren Pest, duk ana kashe kwarkwatar ido da su ba tare da an biya ko sisi ba. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen cin abinci, da canjin kuɗi, da ƙananan kurakuran sufuri, kuma a waɗannan wurare ne ma abokan tafiya suka fi samun saɓani. Saboda haka wannan jagora ta fi tsayawa a kansu. An rubuta ta ne domin ɗalibai biyu, ko dai daga cikin masu karatu a garuruwan Hungari irin su Debrecen da Pécs da Szeged, inda 'yan Najeriya suke da yawa musamman tun bayan fara tallafin karatu na Stipendium Hungaricum a 2013, ko kuma masu tasowa daga wata ƙasa ta Turai.

Takardu kafin komai

Hungari ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta kuma shiga yankin Shengen, rukunin ƙasashen Turai da biza ɗaya ke aiki a cikinsu, a 2007. Ɗalibin da yake riƙe da katin izinin zama na wata ƙasar Shengen, kamar Jamus ko Poland ko Faransa, yana iya shiga ba tare da sabuwar biza ba, muddin zamansa a wajen ƙasar da ta ba shi izinin bai wuce kwana 90 cikin kwana 180 ba. Katin shi kaɗai ba ya wadatarwa, dole ne a haɗa shi da fasfo mai sauran wa'adi. Wanda yake karatu a Birtaniya ko Ireland kuwa, waɗannan ƙasashe ba sa cikin Shengen, don haka sai ya nemi biza, ya haɗa da inshorar lafiya ta tafiya wadda ba ta gaza yuro 30,000 ba, da shaidar masauki, da takardar makaranta. Ana karɓar takardun neman biza tun saura wata shida a yi tafiya, kuma abin da ya fi ba mutane wahala shi ne samun ranar ganawa, musamman gab da hutun bazara. Idan ɗayanku yana buƙatar biza ɗayan ba ya buƙata, kada mai izinin zama ya yi gaggawar sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, har sai bizar abokinsa ta fito.

Kowannenku ya ɗauki hoton fasfonsa da katin zamansa ya tura wa ɗan'uwansa, domin idan jaka ta ɓata da waya a cikinta, kwafin da ke wayar abokin ne zai yi amfani a ofishin 'yan sanda da ofishin jakadanci. A tafi da katin ɗalibi ma, domin gidajen tarihi da yawa suna rage wa ɗalibai kuɗin shiga, ko da yake wasu sun keɓe rangwamen ga 'yan ƙasashen Turai kawai.

Zaman da ya kamata ku yi kafin ku sayi tikiti

Mu Hausawa muna da kunyar maganar kuɗi da aboki, kuma wannan kunya ce take haifar da ɓacin rai a rana ta biyu ta tafiya, lokacin da ɗaya yake son shiga gidan abinci mai tsada, ɗayan kuma yana lissafin kuɗin haya a ransa amma ya kasa faɗa. Maganin abin shi ne ku zauna tun a gida, kowa ya faɗi adadin da zai iya kashewa ba tare da ya taɓa kuɗin makaranta ko na haya ba, sannan a tsara tafiyar a kan adadin wanda ya fi ƙarancin hali. Wanda ya fi samu, idan yana son ƙari, sai ya yi shi a matsayin kyauta bayyananniya, ya ce, "Abokina, abincin daren nan nawa ne," ba bashin da za a riƙa tunawa ba.

Tsarin da na fi gamsuwa da shi shi ne a raba kuɗin gida biyu. Akwai asusun haɗin gwiwa, wanda kowa zai zuba daidai da na ɗan'uwansa, daga ciki a biya masauki da sufuri da abincin da aka ci tare, mutum ɗaya ya riƙe shi yana rubuta duk abin da ya fita a wayarsa. Sauran kuma kuɗin aljihu ne na kowa, na tsaraba da ƙwalam da maƙulashe, wanda babu mai tambayar wani yadda ya yi da shi. A wannan zama ne kuma za ku fahimci juna kan abubuwan da ba na kuɗi ba: wane ne mai sammako, wane ne mai nauyin barci, wa yake son gidajen tarihi, wa yake ganin ɓata lokaci ne, kuma mene ne iyakar kowa a wajen abinci. Akwai wanda ya wadatu da naman sa ko kaza matuƙar babu alade a ciki, akwai wanda ba ya cin nama sai ya tabbatar da yanka. Wannan magana a gida ake gama ta, ba a gaban ma'aikacin gidan abinci yana tsaye da biro a hannu ba.

Lokaci da masauki

Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni, da kuma Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, su ne lokutan da suka fi daɗin tafiya a ƙasa. A Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoson baƙi, masauki kuma yana tsada. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, wanda ke nufin azahar da la'asar da magariba suna biyo juna kusa da kusa, lokacin kallon gari da hasken rana kuma gajere ne. A tsakiyar Yuni kuwa magariba tana kaiwa kusan ƙarfe tara saura. A lura da ranakun hutun ƙasa, wato 15 ga Maris da 20 ga Agusta da 23 ga Oktoba, domin manyan kantuna a rufe suke. Ranar 20 ga Agusta ana wasan wuta a kan kogi, abin kallo ne, amma masauki yana ƙarewa tun da wuri. Gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin.

An raba garin gundumomi 23 da ake rubutawa da lambobin Rumawa. Ga ɗalibi, gunduma ta V da VI da VIII ta ciki da IX sun fi dacewa, domin daga nan ana isa ko'ina da ƙafa ko da tiram. Tsakiyar gunduma ta VII, tsohuwar unguwar Yahudawa, tana da masauki mai araha, amma a nan mashayun dare suka taru, kuma hayaniya ba ta lafawa sai asuba ta gabato. Idan za ku sauka a masaukin matasa na gadaje da yawa, ku karanta bayanin ɗakin da kyau, domin yawancin ɗakunan maza da mata ne a haɗe sai an rubuta akasin haka. Ga mutum biyu, ƙaramin ɗaki na kansu sau da yawa ba ya fin gado biyu tsada sosai, ga shi kuma an samu wurin salla da wurin ajiye kaya cikin kwanciyar hankali. Masauki mai ɗakin girki ya fi, ko da shayi da ƙwai kawai za a dafa da safe. Banɗakunansu babu buta, don haka gorar ruwa ta roba tana da aiki biyu a wannan tafiya.

Isa da zirga-zirga

Mai tasowa daga Debrecen ko Szeged jirgin ƙasa zai sauke shi a tashar Nyugati, ginin ƙarfe da gilashi wanda kamfanin Eiffel ya gina aka buɗe a 1877, kuma tafiyar daga Debrecen kusan awa biyu da rabi ce. Jiragen Vienna yawanci a tashar Keleti suke tsayawa. Ɗalibin da ke da katin ɗalibi na Hungari ya bincika katin wata na ƙasa baki ɗaya da aka fito da shi a 2023, wanda ɗalibai ke samun rangwamen kashi 90 cikin 100 a kansa, sai dai manyan jirage masu sauri suna buƙatar a sayi kujera daban. Mai zuwa ta sama zai sauka a filin jirgin Liszt Ferenc, daga nan bas mai lamba 100E yana kai mutum har dandalin Deák Ferenc tér a tsakiyar gari, amma tikitinsa daban ne, ya fi na sauran bas tsada. Hanyar da ta fi araha ita ce bas 200E zuwa Kőbánya-Kispest, daga nan a shiga layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kamfanonin jirage masu araha jaka ƙarama kawai suke bari kyauta, wasu kuma suna buƙatar mai fasfon da ba na Turai ba ya je teburinsu a duba takardunsa kafin ya wuce wajen bincike.

A cikin gari, ku sayi katin awa 72 a manhajar BudapestGO ko a na'urar tasha, ku huta da lissafi. Idan tikiti ɗai-ɗai kuka saya, sayensa kawai bai isa ba, sai an saka shi a ƙaramar na'urar da ke bakin shiga ko cikin bas ta buga masa tambari. Masu duba tikiti suna tsayawa a ƙasan matakala ko su shigo cikin tiram da kayan gida, sai sun ɗaura ƙyalle a damtse za a gane su, kuma "ban sani ba" ba ta hana tara. Tiram mai lamba 4 da 6 suna zagaye babban titin da ya kewaye tsakiyar Pest, kuma mai lamba 6 yana aiki har cikin dare. Tasi ta halal launin rawaya ce mai mita, kuma gara a kira ta ta manhaja da a shiga wadda ke jiran baƙi a bakin tasha.

Kuɗin ƙasar forint ne, ba yuro ba, kuma a 2024 yuro ɗaya ya riƙa kaiwa da komowa a kusa da forint 400. Kusan ko'ina ana karɓar kati. Idan na'urar biya ta tambaye ku ko a cire da forint ko da kuɗin ƙasarku, ku zaɓi forint ko da yaushe, domin ɗaya zaɓin yana zuwa da farashin canji mai cutarwa. Tsabar kuɗi kaɗan ta isa, saboda banɗakin kuɗi da rumfunan kasuwa, kuma a cire ta a na'urar da ke jikin banki, ba waɗanda aka dasa a bakin titin baƙi ba. A kula da sifili, domin takardar 1,000 da ta 10,000 suna rikita baƙon da ke cikin sauri.

Abinci, inda ake buƙatar natsuwa

Girkin Hungari ya ginu ne a kan albasa da garin barkonon paprika da kitse, kuma kitsen gargajiya na alade ne. Wannan shi ne abin da ɗalibi Musulmi ya kamata ya fara sani, domin abincin da sunansa ya nuna naman sa ko kaza ne yana iya kasancewa an soya albasarsa da man alade. Kalmomi kaɗan suna raba gardama a takardar jerin abinci da jikin kayan kanti: sertés da disznó alade ne, szalonna kitsensa ne mai gishiri, sonka da kolbász nama ne da aka sarrafa wanda kusan ko da yaushe na alade ne, zsír kuma kitse ne. A ɗaya ɓangaren, marha naman sa ne, csirke kaza, bárány rago, hal kifi. Ku rubuta tambayoyi biyu a waya ku riƙa nunawa: "Van benne sertés?", wato ko akwai alade a ciki, da "Zsírral vagy olajjal készült?", wato da kitse aka yi ko da mai. A tsakiyar gari ma'aikata suna jin Turanci, amma a ƙananan gidajen abinci na unguwa, inda abincin ya fi araha kuma ya fi daɗi, rubutun nan ne zai fitar da ku.

Gulyás, wanda duniya ta san ƙasar da shi, a wajensu romo ne na naman sa da dankali da karas da paprika, ba miya mai kauri ba kamar yadda ake yin sa a wasu ƙasashe. Mai kaurin sunansa pörkölt. Paprikás csirke kuwa kaza ce a cikin miyar paprika da kirim mai tsami, ana ci da ƙananan curin fulawa da ake kira nokedli. Wanda ya tsaya a kan yanka sai ya nemi waɗannan a gidajen da suka rubuta halal, ko kuma ya koma ga kifi. Halászlé romon kifin kogi ne ja wur, wanda garuruwan Szeged da Baja suka shahara da shi, kuma shi ne abincin da harshen Bahaushe ya fi saurin karɓa, sai dai a yi hattara da ƙaya. Kada jan launin abincinsu ya ruɗe ku, domin yawancin paprika mai zaƙi-zaƙi ne, babu yaji. Mai son yaji ya nemi a kawo masa Erős Pista, niƙaƙƙen barkono mai gishiri da ake ajiyewa a ƙaramar kwalba, ko kuma ya taho da yajinsa a jaka, wanda a ganina shi ne mafi hikima.

Lángos shi ne abincin titi da bai kamata a wuce ba. Ƙullun fulawa ne mai yis da ake faɗaɗawa kamar faifai a jefa cikin mai mai zafi, ya fito gefensa yana ƙaras-ƙaras tsakiyarsa da laushi, ɗan'uwan fanke ne amma babu sukari. Ana shafa masa ruwan tafarnuwa, a malala kirim mai tsami, a barbaɗa cuku. Guda ɗaya yana ƙosar da mutum har yamma, kuma a ci shi da zafinsa a tsaye, domin da ya huce ya zama roba. Waɗanda ake lafta wa nama da kayan lambu iri-iri don baƙi ake yin su, kuma kuɗinsu kan ninka. Kürtőskalács kuma ƙullu ne da ake naɗewa a jikin sanda a gasa, a mirgina shi cikin sukari da kirfa, yana tururi ta tsakiya.

Akwai tarkuna a inda ba a zato. Pogácsa, ƙaramin burodi mai gishiri da ake sayarwa a kowace tasha, wani nau'insa da ƙanzon kitsen alade ake yi, wato tepertős, don haka a zaɓi sajtos, mai cuku, a kuma yi tambaya. Túrós csusza taliya ce da cuku, amma ana barbaɗa mata soyayyen szalonna. Lecsó tattasai ne da tumatir, amma sau da yawa da kolbász a ciki. A kayan zaƙi, somlói galuska da Gundel palacsinta ana sa musu barasar rum. Rétes mai cika da tuffa ko ceri, da kek ɗin Dobos mai hawa-hawa da ƙonannen sukari a samansa, su ne zaɓin da ya fi sauƙi.

Dabarar tsimi mafi girma ita ce napi menü, abincin rana na ranakun aiki, wanda gidajen abinci da yawa ke bayarwa daga tsakar rana zuwa wajen ƙarfe biyu ko uku, romo da babban abinci a farashin da bai kai na dare ba. Ku mai da abincin rana babban abincinku, da dare kuma ku nufi shagunan Turkawa da Larabawa da ke jere a babban titin da tiram 4 da 6 ke bi, inda ake samun shawarma da shinkafa da miyar wake, da yawansu da alamar halal. Ruwan famfo ana sha. Idan za a sayi na gora, murfi ne ke bayani: shuɗi mai gas ne, ruwan hoda shi ne ruwa zalla. Kafin ku biya, ku duba ƙasan takardar kuɗi, domin idan an rubuta szervizdíj to an riga an ƙara ladan hidima, ba sai kun ƙara wani ba. Gidan da ba a rubuta farashi a ƙofarsa ba, ko wanda wani baƙon fuska ya tare ku a titin Váci ya ce ku biyo shi, ku wuce abinku.

Rana ta farko: Pest

A 1873 ne aka haɗe Buda da Pest da Óbuda suka zama gari ɗaya, kuma har yau hanya mafi sauƙi ta tsara yawo ita ce a ba kowane gefen kogi ranarsa. Ku fara da babbar kasuwa mai rufi da ke Fővám tér, wadda aka buɗe a 1897, da safe kafin motocin baƙi su iso. A ƙasa ake sayar da kayan lambu da nama da jerin busasshen barkono a rataye, a sama kuma rumfunan abinci da tsaraba. Farashin sama na baƙi ne, don haka paprika ta tsaraba a saye ta a ƙasa ko a kantin unguwa. Ranar Asabar kasuwar tana tashi da wuri.

Daga bakin kasuwa ku shiga tiram mai lamba 2, ku zauna ta gefen kogi. Da katin da kuka riga kuka saya, zai bi da ku gaban gadar Sarƙa ta 1849, gada ta dindindin ta farko da ta haɗa ɓangarorin biyu, fadar Buda tana can ƙetare a kan tudu, har zuwa majalisar dokoki. Wannan gini, wanda aka kammala a 1904, tsayinsa mita 96 ne, daidai da na babbar cocin Szent István, kuma lambar tana tuna shekarar 896 da kakannin Hungariyawa suka iso wannan ƙasa. A ƙarƙashin kubbarsa ake ajiye kambun sarautar ƙasar tun shekarar 2000. Shiga ciki sai da tikitin da aka saya tun da wuri ta intanet, kuma waɗanda ba 'yan Turai ba kuɗinsu ya fi yawa. Idan asusu bai kai ba, ba a yi asara mai yawa ba, domin kyawun ginin daga waje ya fi.

Kaɗan daga kudu da majalisar, a bakin ruwa, akwai takalman ƙarfe na mutum 60 da aka kafa a 2005, don tunawa da Yahudawan da 'yan ƙungiyar Nyilas, masu goyon bayan 'yan Nazi, suka harbe suka faɗa kogi a 1944 da 1945, bayan an sa su cire takalmansu. Wurin makoki ne, ba a zama a kai ana wasa don hoto. Da la'asar ku bi titin Andrássy da layi na ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1896, shi ne mafi tsufa a Turai in ban da na Landan, har zuwa Dandalin Jarumai da lambun da ke bayansa.

Rana ta biyu: Buda

Ku yi sammako, domin Halászbástya, ganuwar nan mai hasumiya bakwai da aka kammala a 1902, tana cika maƙil kafin hantsi. Bas mai lamba 16 daga Deák Ferenc tér yana hawa tudun da katinku, ƙaramin jirgin 1870 da igiya ke jan sa zuwa saman tudun kuwa kuɗinsa daban ne, tafiyarsa kuma ba ta wuce minti biyu. Ƙasan ganuwar kyauta ne, kuma abin da ake hangowa daga nan bai bambanta da na saman da ake biya ba.

A wannan gefe ne ɗalibi Musulmi zai ga tarihin da ba kowane mai rakiyar baƙi ke tsayawa a kansa ba. Daular Usmaniyya ta riƙe Buda daga 1541 zuwa 1686, kuma cocin Mátyás mai rufin tayil kala-kala da ke kusa da ganuwar masallaci ce a tsawon wannan zamani. A ƙetaren kogi ma, cikin tsohuwar cocin da ke gindin gadar Erzsébet, har yanzu akwai mihrabi a jikin bango. Daga tudun fada ku gangara zuwa gadar Margit, ku hau titin Mecset, wato titin Masallaci, zuwa kabarin Gül Baba, wani darwishi da ya rasu a 1541. Ɗaki ne mai kusurwa takwas da kubba, a tsakiyar lambun wardi, wanda gwamnatocin Hungari da Turkiyya suka gyara aka sake buɗewa a 2018. Ba a biyan kuɗi, babu cunkoso, kuma hawan yana da tsayi, don haka a tafi da ruwa.

Wuraren wanka na ruwan zafi su ma Turkawa sun bar nasu, kuma Rudas, da ke gindin tsaunin Gellért, tun ƙarni na 16 tafkinsa mai kusurwa takwas yake ƙarƙashin kubbarsa. Széchenyi na 1913 ya fi girma da shahara, amma maza da mata a haɗe suke. Tsohon ɓangaren Rudas yana da lokutan maza zalla da na mata zalla a ranakun aiki, don haka wanda wannan ya dama ya duba jadawalinsu kafin ya sayi tikiti. Idan ɗayanku ba ya so, nan ne wurin rabuwa na awa biyu: ɗaya ya shiga wanka, ɗayan ya hau tsaunin Gellért mai tsayin mita 235, ku haɗu a bakin koriyar gadar Szabadság a ƙayyadadden lokaci. Ku ajiye magana cewa duk wanda wayarsa ta mutu ko ya ɓace, can ko masauki zai koma. Lambar gaggawa 112 ce. Idan ranar ta zo daidai da Juma'a, akwai masallatai a gunduma ta XI, a titin Fehérvári da titin Bartók Béla, ba nisa daga nan a tiram. Bayan magariba ku tsaya a Batthyány tér, inda majalisar ke fuskantar ku daga ƙetare an kunna mata fitilu.

Rana ta uku da komawa

Wannan rana a bar ta sakayau, domin ƙafafu sun gaji. Tsibirin Margit, da ke tsakiyar kogi, ya isa a zauna a ci burodi da cuku da 'ya'yan itacen da aka sayo a kanti. Mai sha'awar tarihi ya zaɓi gida ɗaya kawai, ko gidan tarihi na ƙasa, ko gidan da ke lamba 60 a titin Andrássy, tsohuwar hedikwatar 'yan Nyilas sannan ta 'yan sandan ciki na zamanin kwaminisanci, ko babban wurin ibadar Yahudawa na titin Dohány, mafi girma a Turai. Yawancin masaukai suna ajiye wa baƙo jakarsa bayan ya bar ɗaki, sai a tambaya tun da safe.

Kafin ku bar gari, mai riƙe da asusu ya karanta abin da aka kashe, a raba ragowar nan take, tsabar forint kuma a ƙarar da ita a kan paprika ko abincin hanya, domin canza ta a wata ƙasa asara ce. Mai komawa ta sama ya bar tsakiyar gari aƙalla awa uku kafin tashin jirgi, ya kuma sayi tikitin 100E tun da dare. Mai komawa Birtaniya ko wata ƙasa da ba ta Shengen ba zai bi ta wajen duba fasfo bayan binciken kaya, kuma layin waɗanda ba 'yan Turai ba ya fi tsawo.